Kala Dofla ba ta nuna jini a inda yake, tana zuba launi a inda babu: bod ne ko saiti?

Bashir, Kubwa

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da masu sikanin, ina neman a haska mini. Wata na'urar sikanin ce a wani asibiti mai zaman kansa nan Abuja, ta hannu ce, amma hoton fari-da-baƙi nata tas yake fita. Furob (kan na'urar da ake ɗorawa a jiki) na duba ciki ake aiki da shi, mai lanƙwasa, 3.5 MHz. Da an kunna Dofla, mai nuna tafiyar jini, sai rigima ta tashi. A babbar jijiyar hanta, fotal, akwatin kala yakan zauna wayam kamar ba jini, alhali hantar mutumin lafiya ƙalau take. A jijiyar cibiyar jariri kuma zanen PW, wato Doflar da ke zana gudun jini a wuri ɗaya, yana nuna jini ya tsaya cak tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya. An tura mai cikin wani wuri an sake, aka ce jini na tafiya yadda ya kamata. Na uku, in an koma kan inbata sai wasu zare-zaren ja da shuɗi su riƙa saukowa daga saman akwatin, ko da furob ɗin yana rataye a mazauninsa. Wani mai gyara ya ce bod ɗin Dofla ne ya mutu, a yo oda, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Me ya kamata a gwada kafin a biya? Kuma me ke faruwa a cikin na'urar daga furob zuwa launin da muke gani?

Injiniya Sadiya

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. A dakata da odar tukuna. Alamomin nan uku ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma bod ɗin da ya mutu ba ya zaɓen jijiya. Hasali ma a yawancin na'urorin zamani kala da PW ba su da wani bod nasu na daban. Hanyar karɓa ɗaya suke bi da hoton fari-da-baƙi, sauran aikin lissafi ne. Tunda hoton yana fita tas, kashi mafi tsada na hanyar yana da rai.

Mu fara da abin da ke dawowa daga jiki. Jajayen ƙwayoyin jini faɗinsu mikiron 7 zuwa 8 ne, tsawon igiyar sauti a nama kuwa a 3.5 MHz milimita 0.44 ne. Abu ƙanƙani haka watsa sauti yake yi, kaɗan ne ke komawa furob. Amsar jini takan gaza ta nama da dB 40 zuwa 60, wato sau 100 zuwa 1000, dalilin da ya sa jijiya ke fita baƙa a hoto ke nan. Duk wahalar Dofla ita ce tono wannan 'yar amsa daga ƙarƙashin ta nama.

A kala, na'ura ba bugun sauti ɗaya take aikawa a kowane layi ba. Takan aika 8 zuwa 16 a layi guda, a tazarar da PRF, wato adadin bugu a sakan, ya ƙayyade. Kowace amsa ana sauko da ita daga megahaz, a fitar da lambobi biyu, I da Q, a kowane zurfi. Ka ɗauki lambobin a matsayin hannun agogo, yana da tsawo yana da inda ya nuna. In abin da ke wannan zurfin bai motsa ba, hannun yana nan daga bugu zuwa bugu. In ya matso wajen furob hannun ya juya gaba, in ya yi nesa ya juya baya. Na'ura takan auna juyin da ke tsakanin kowane samfuri da mai bi masa, ta tara, ta ɗauki kusurwar jimlar. Ita ce matsakaicin gudu, ita ake shafa wa ja ko shuɗi. Tsawon hannun kuwa shi ke ba da fawa Dofla, mai nuna ƙarfin amsar jini ba gudunsa ba. Kasai da abokan aikinsa ne suka wallafa wannan hanya a Japan a 1985, kuma har yau ita aka fi amfani da ita saboda sauƙin lissafinta.

In hannun ya juya fiye da rabin zagaye tsakanin bugu biyu, ba a iya gane ko gaba ya yi ko baya, sai launi ya naɗe, ja ya koma shuɗi a tsakiyar jijiya. Iyakar ita ce rabin PRF. Shi kuma PRF zurfi ne ke riƙe da shi: sauti na tafiyar mita 1540 a sakan, don haka zuwa santimita 15 da dawowa mikrosakan 195 ne, PRF ba zai wuce kusan 5100 Hz ba, gudu mafi girma kusan 56 cm/s a furob ɗinka. Tsoron naɗewar nan ne ke sa mutane su kai sikel, wato iyakar gudun da aka saita, sama su bar shi can, kuma ina kyautata zaton abin da ya sami fotal ɗinka ke nan.

Ga dalili. Kafin lissafin gudu sai an cire amsar nama, aikin filtar bango ke nan, WF a kan allo. Da samfuri 10 kacal ba a iya ƙera filta mai kaifi. A ƙiyasce, ba za ta bambance abin da tazararsa ta gaza PRF raba adadin bugu ba. PRF 5000 Hz, bugu 10, ka sami 500 Hz, wanda a 3.5 MHz kusan 11 cm/s ne. Ta wata fuskar: bugu goman duka a cikin milisakan 2 suka ƙare, jinin da ke tafiyar 5 cm/s bai wuce milimita 0.1 ba a wannan lokacin, filta ba ta ganin bambancinsa da hanta. Yanzu ɗauki fotal mai gudun 20 cm/s, an ɗora furob a ƙarƙashin haƙarƙari jijiyar ta kwanta a kusurwar digiri 70 da layin sauti. Abin da na'ura ke gani shi ne 20 sau 0.34 (kosain na digiri 70), bai kai 7 cm/s ba. Filta ta haɗiye shi tare da nama. Sauke PRF zuwa 1000 Hz, iyakar ta dawo wajen 2 cm/s ba tare da ka taɓa WF ba, domin a kala yankan filta yana bin sikel.

To ka sauke sikel zuwa 10 ko 15 cm/s, WF a mafi ƙanƙanta, ka shiga ta tsakanin haƙarƙarin dama don kusurwar ta ragu, mutum ya riƙe numfashi. Ɗaga gein na kala, wato ƙarfin da ake ƙara wa amsar da aka karɓa, har ɗigo-ɗigo su cika akwati, sannan ka ja baya kaɗan su ɓace. Akwai wani saiti da ake mantawa, na fifikon kala a kan toka-toka: in gein na fari-da-baƙi ya yi yawa har cikin jijiya ya yi hazo, na'ura takan yanke cewa nama ne ta ƙi shafa launi.

Ka kuma matse akwatin. Layi 40 sau bugu 10 sau mikrosakan 195 milisakan 78 ne, ƙara 25 na hoton fari-da-baƙi mai layi 128, ba ka kai hoto 10 a sakan ba. Raba faɗin akwatin biyu, ka haura 15. Abin da za ka biya a ƙaramin sikel shi ne walƙiyar launi duk lokacin da mutum ya ja numfashi ko hannunka ya motsa. Wannan ba lalacewa ba ce, nama ne ya yi gudun da ya tsallake filta.

Dokta Halima

Injiniya ta gama da hanta. Ta cibiya ce ta fi tayar mini da hankali, domin rahoton da ya ce jini ba ya tafiya lokacin da zuciyar jariri ta saki yana iya kai ga a kwantar da mace, a yi mata allurar nunar huhun jariri, har a ciro shi kafin lokacinsa. Ba rahoton da za a rubuta daga zane ɗaya ba ne.

PW ba kamar kala yake ba. Wuri ɗaya yake saurara, don haka samfuri na da yawa. Yana ɗaukar misalin 128 a jere ya yi musu FFT, lissafin da ke rarraba su gurbi-gurbi bisa firikwansi, ya zana layi ɗaya na tsaye, ya matsa gaba ya sake. A PRF 4000 Hz, milisakan 32 ke nan, kowane gurbi kusan 31 Hz. Saboda yawan samfurin filtarsa tana da kaifi, kuma yawanci da Hz ake rubuta ta. Malam Bashir, ka dubi lambar. ISUOG, ƙungiyar masana sikanin mata da masu ciki ta duniya, ta ce a sikanin masu ciki a ajiye ta ƙasa, kada ta wuce 50 zuwa 60 Hz. In ka tarar da 200 Hz, to a 3.5 MHz tana share duk abin da ya gaza 4.4 cm/s in layin sauti yana bin jijiya sak, 8.8 cm/s a digiri 60, kusan 13 cm/s a digiri 70. Jinin da ke tafiya a ƙarshen sakin zuciya, musamman a cikin da bai tsufa ba ko jaririn da bai girma sosai ba, yana iya faɗawa cikin wannan ramin.

Alamar tana nan a kan allo ga mai lura: baƙar tazara madaidaiciya a sama da ƙasan layin sifili, daga farkon zane har ƙarshensa, faɗinta ba ya canzawa. In jini ne ya tsaya da gaske kuma filta tana ƙasa, za ka ga zanen yana gangarowa har ya taɓa layin. In filta ce, za ka ga an datse shi yana tsakiyar gangara.

Yadda za a sake: a nemi lanƙwasar cibiya da ke yawo a ruwa, a sami wurin da ta miƙe tana fuskantar furob, a jira jariri ya natsu ba ya motsi ba ya shan numfashi, a daidaita sikel zanen ya cika mafi yawan allo, a sa saurin zane ya nuna bugu 4 zuwa 6. A maimaita a wurare dabam. Kuma ido na kan TI, ma'aunin ɗumama nama da ke kan allo, don PW ya fi kowane yanayi ɗumama nama. A sati 11 zuwa 13 ƙa'idar ita ce TI kada ya wuce 1.0, kuma a taƙaita, minti 5 zuwa 10. Wasu in zane ya yi rauni sai su ɗaga ƙarfin fitarwa, alhali gein ya kamata su fara ɗagawa, shi ba ya ƙara wa jariri komai.

Abdul

Dokta, da izini. Abin da aka koya mana shi ne RI da PI, ma'aunan juriyar jijiya da ake lissafawa daga zanen, ba ruwansu da kusurwa, tunda rabo ne, kosain ɗin sama da na ƙasa suna cinye juna. In haka ne, me ya sa za a wahala neman inda cibiya ta fuskanci furob? Na ɗauka kusurwa sai a wajen auna ainihin gudu, kamar jijiyar ƙwaƙwalwar jariri ko ta wuya.

Dokta Halima

Lissafinka daidai ne, Abdul, amma filta ba ta shiga rabon. Kusurwa tana rage gudun kololuwa da na ƙasa da rabo iri ɗaya, ita kuwa filta tana tsaye a Hz ɗinta. A ce kololuwa 40 cm/s, ƙasa 10 cm/s, RI 0.75. A digiri 70 ƙasan ya zama kusan 155 Hz. Filta na 200 Hz, ya ɓace, na'ura ta rubuta RI 1.0. Wajen ainihin gudu kuwa abin ya fi tsanani: kuskuren digiri 5 a ɗora alamar kusurwa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba a digiri 20, amma kusan kashi 15 ne a 60, kusan 24 a 70. Daga nan dokar kada a wuce 60 ta fito.

Malam Nura, Garki

Ni kan zare-zaren zan yi magana, don wannan na lantarki ne. Furob da igiyarsa eriya ce. Abin da suke kawowa mikrobolt ne, na'ura ta ƙara masa ƙarfi sau dubbai. Inbata tana kunna-kashe a dubban Hz masu yawa da kaifin gefe, kuma kaifin nan yana haifar da 'ya'yan firikwansi har cikin 2 zuwa 5 MHz, daidai inda furob ke saurare. Ba 50 Hz na wuta ne ke shiga ba, shi ya yi nesa ƙwarai.

Me ya sa a kala ake gani ba a fari-da-baƙi ba? Amsar nama tana danne shi a hoto. A kala kuwa an cire nama, an buɗe kunne don jin jini. Kuma tunda hayaniyar ba ta tafiya tare da agogon bugun na'ura, kowane samfuri yana zuwa da kusurwa dabam, filta ta ɗauka motsi ne ta bar shi ya wuce. Yana cika layi daga sama har ƙasa domin ba amsa ba ne, bai san zurfi ba, sai dai yakan fi ƙarfi a ƙasa inda na'ura ke ƙara gein. A PW yakan fito a layi kwance wanda ba ya bin bugun zuciya, in ka canza sikel ya yi tsalle ya koma wani wuri.

Gwajin ba ya buƙatar mara lafiya. Goge jel, rataye furob, buɗe akwatin kala gaba ɗaya, ɗaga gein har zaren ya fito sosai, kada ka sake taɓa saiti. Daga nan abu ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa. Koma wutar layi ko janareta ka kashe inbatar gaba ɗaya, ba canja suwic kawai ba, don tana iya watsawa ko ba ta ɗauke da lodi. In da sola, kashe cajar ma. Sai fitilun LED, cajar waya da ta laftof, firinta da ke haɗe da na'urar, wayar intanet, iyakwandishan mai inbata. Ka riƙe igiyar furob ka lanƙwasa ta a hankali kusa da wuya da kusa da fulogi. In zaren ya ƙaru ko ya ragu, rigar kariyar cikin igiyar ta tsage. Sa wani furob ka kwatanta.

Abin da aka fi tararwa shi ne wayar ƙasa. Gidajen zama da yawa da aka mayar asibiti soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba, ko kuma mai haɗa inbata ya ja waya biyu ya bar ta ƙasa. Ekstenshan na kasuwa ma haka. Auna daga ƙarfen jikin na'ura zuwa fil ɗin ƙasa na fulogi, ƙa'idar IEC 62353 ta ce kada ya wuce om 0.3 har da igiyar wuta. Sannan mai lantarki ya tabbatar soket ɗin ya isa sandar da aka binne, kuma a tuna ƙasa takan bushe a rani juriyar sandar ta hau. Sitabilaiza ba ta maganin wannan, boltej take gyarawa. Abin da ke taimakawa: atin, wato wayar ƙasa, mai kyau, filtar layi a bakin inbata, zoben ferait a igiyar wuta, da nisanta wayoyin inbata daga ɗakin. Kada wani ya ba ka shawarar cire fil ɗin ƙasa wai hayaniya ta ragu, furob a jikin mutum yake.

Bashir, Kubwa

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Dokta, Malam Nura. An duba. Saitin ciki da aka ajiye sikel ɗinsa 58 cm/s ne, WF na PW kuma 200 Hz har a saitin masu ciki. An mayar da na kamfani, fotal ta cika da launi. Zaren yana ɓacewa da an kashe inbata, kuma soket ɗin ba atin. Saura abu ɗaya: a gefen dama na hoton akwai wani siriri inda launi ke rauni, jijiya in ta ratsa ta wurin sai ta yi kamar ta katse. Sannan mai asibitin yana tambaya, sababbin na'urorin da ke nuna ƙananan jijiyoyi na cikin ƙoda da mabiyiya, ana iya sa wa wannan manhajarsu?

Injiniya Sadiya

Tambaya ta biyun, a'a. Filtar da muka yi magana a kanta lokaci kaɗai take dubawa, wuri ɗaya samfuri 10, don haka jini mai tafiyar hawainiya da nama mai motsi duk ɗaya ne a wajenta. Sababbin hanyoyin suna ƙara duban wuri: nama yana motsi tare a fili mai faɗi, jini kuwa kowane gurbi da nasa. Wadda aka fi sani a bincike ita ce ta SVD, wadda Demené da abokansa suka wallafa a Faransa a 2015. Ana haska duk filin da bugu ɗaya shimfiɗaɗɗe, a ɗauki hoto dubbai a sakan, a zuba ɗaruruwansu a jadawali guda, a ware ɓangarorin da suka fi ƙarfi kuma suka fi tafiya tare a zubar. Wannan yana buƙatar na'urar da ke karɓar duk tashoshi lokaci guda ta ajiye ɗanyen bayanansu. Wadda aka ƙera ta haɗa layi ɗaya bayan ɗaya ba ta da hanyar. Abin da taku za ta iya shi ne fawa Dofla da ƙaramin PRF da adadin bugu mafi yawa, a haƙura da jinkirin hoto.

Siririn kuma ya yi kama da matattun ƙwayoyin furob, wato ƙananan sassan fuskarsa masu aika sauti da karɓarsa. Dofla ce ke fara nuna su, don ba ta da rarar ƙarfi kamar fari-da-baƙi. Goge furob ya bushe, riƙe shi a iska, rage zurfi zuwa santimita 3 ko 4, ɗaga gein. Za ka ga fararen layuka a jere a sama, ya kamata su tafi bai ɗaya daga gefe zuwa gefe. Inda suka yi giɓi, nan ne. Shafa ɗan jel a kan kilif ɗin takarda ka ja shi a hankali a fuskar furob, haskensa zai dushe a daidai wurin. Duba robar fuskar ko ta kumbura ko ta ɗago, don iska in ta shiga ƙarƙashinta alamar iri ɗaya ce.

Kafin ka yanke wa furob hukunci, kashe na'ura ka zare fuloginsa ka haska fil-fil ɗin. Ƙurar hunturu da fil guda da ya lanƙwashe suna kashe ƙwaya kamar yadda faɗuwa ƙasa ke yi. Hura da busasshiyar iska, mayar da shi a wata kafar in na'urar tana da fiye da ɗaya. In giɓin ya bi furob duk kafar da aka sa shi, wani furob kuma bai nuna shi ba, furob za a gyara ko a canza. In ya ɓace a kafa ta biyu, kafar farko ce. In kuwa kowane furob aka sa giɓi yana nan, musamman in ya fito a wuri biyu masu tazarar rabin fuska, kamar yadda yake faruwa in tashoshi 64 ne ke hidimar ƙwayoyi 128, to tashar karɓa ce ta mutu, kuma bod ɗin gaba mai tashoshin za a nema. Lambarsa tana jikin takardar da aka manna masa, a ɗauki hotonta a tura wa mai kawowa tare da lambar manhajar na'urar, don ba kowane juyin bod ne ke tashi da kowace manhaja ba.